Ciwon Tsahara da Tafintan Gidan Likita

Nomau ɗan Kailu, mahauci,
Unguwar Hausawa, bayan tashar jirgin ƙasa,
Adjamé, Abidjan.

Litinin, 12 ga Mayu, 1947.

Zuwa ga Mai girma Babban Likita,
mai kula da ƙaramin gidan likita na bayan kasuwa,
Treichville.

Game da: Rashin duba mai ɗakina, Tsahara 'yar Mati, wadda ta zo gidan likitanku sau uku, aka sallame ta ba a taɓa inda ke mata ciwo ba.

Allah ya ja zamanin Mai girma. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ni Nomau, mutumin Madawa, mai sayar da nama a kasuwar Adjamé tun kafin a kafa gadar da ke kan tabki, ina roƙon a ba ni izini in kawo kukana. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, ban kuma saba da ofis ba. Na rubuta da hannuna, da ajami, domin ba ni da wani rubutu sai shi. Mai rubuta wa mutane wasiƙa da Faransanci a bakin gidan waya ba ya jin Hausa, kuma abin da zan faɗa ba na bakin titi ba ne.

1. Mai ɗakina mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, mai dama fura a ƙofar gida. Ba ta jin wani harshe sai Hausa, ban da 'yan kalmomin Jula da take ciniki da su. Ciwo ya fara mata bayan Babbar Sallar bara. Ta ɓoye, kamar yadda ta saba ɓoye komai ban da laifina. Sai da na ga tana dakan gero a zaune, ita da ba ta taɓa yarda wata ta riƙe mata taɓarya ba, sannan na matsa mata ta tafi gidan likita. Inda ciwon yake zan faɗa a ƙasa, in na tara ƙarfin hali.

2. Ranar Alhamis, 9 ga Janairu, ranar da aka keɓe wa mata, ta tashi daga Adjamé, ta ratsa Plateau, ta hau gada. Mai girma ya san gadar nan a kan ruwa take, tana lilo in mota ta wuce, kuma duk lilon da ta yi a cikinta take jin sa. Tun daga gida take jera maganar da za ta faɗa wa likita, tana gyara ta, don kada ta manta kome. Ta zauna a layi har rana ta take, aka kira ta. Tana shiga, sai ta ga tafintan da ke tsaye kusa da likita Kalla ne, mijin 'yarmu ta fari, Zalihatu. Mun san yana aiki a gidan likita, muna ma alfahari da haka. Amma mun ɗauka takardu yake karantawa a ofis. Babu wanda ya gaya mana shi ne bakin duk Bahaushiyar da ta shiga ɗakin nan.

3. Ina roƙon Mai girma ya yi haƙuri in yi bayanin abin da wataƙila ba a rubuta a littattafan likita ba. A wurinmu, mace ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta, ba ta kiran sunansa, in sun haɗu a hanya ɗaya yakan ratse. Tun da aka ɗaura auren Zalihatu, maganar da ta shiga tsakanin Tsahara da Kalla ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma daga bayan ƙyaure, shi a durƙushe. Ba ƙiyayya ba ce. Duk duniya babu wanda take ware wa fura mai kyau kamarsa. Kunya ce, kuma da ita aka raine mu. To, ranar nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Shi ma ya sunkuyar da kai. Likita ya tambayi inda ke ciwo. Duk maganar da ta ɗauko daga Adjamé ta gudu, ta ɗaga hannu ta dafa kai. Kalla ya faɗi abin da ya gani, domin aikinsa ke nan. Aka ba ta kwinin, aka kira ta gaba. Likita bai tashi daga kujerarsa ba. Kan Tsahara kuwa, Mai girma, lafiyarsa lau. Shi ne ma kaɗai abin da bai taɓa damunta ba.

4. A lokacin ba ta gaya mini abin da ya faru ba. Sai da na tarar da kwinin ɗin a ƙulle a tsumma, a cikin kwallar tufafinta, ko ɗaya ba ta sha ba. Da na matsa mata da tambaya ta yi kuka, kuma rabon da in ga hawayenta tun mutuwar yayarta. 'Yar tamu ma ba ta iya gaya mata ba, don ta fari ce, ita ma akwai kunya a tsakaninsu. Sai muka nemi maƙwabciyarmu Sakinatu, wadda ta yi renon 'ya'yan Turawa a Plateau, tana jin Faransanci sosai, ta yarda ta raka ta.

5. Ranar Alhamis, 13 ga Fabrairu, suka tafi tare. Mai tsaron ƙofa ya tare Sakinatu, ya ce doka ce, ba mai shiga ɗakin likita sai maras lafiya da tafintan gwamnati. Sakinatu ta yi masa bayani da Faransanci, ta yi da Jula, ta roƙe shi da girman iyayensa, daga baya ta faɗa masa wasu maganganu da ba zan sa a takarda ba. Bai motsa ba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ce ya yi ya yi. Tsahara ta shiga ita kaɗai, ta sake tarar da Kalla. Wannan karon ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, har hannun ya sauko ya tsaya a ƙirji. Aka ba ta maganin tari a kwalba. Daga kai zuwa ƙirji ya ɗauke ta wata guda. In aka bar ta da wannan tafiya, kafin hannun ya kai inda ciwon yake mun riga mun binne ta.

6. A cikin watan Maris Sakinatu ta kai ta ɗakin haihuwa, don can mata ne zalla. Ungozomar da ke wurin, Allah ya saka mata, ta kwantar da ita ta latsa cikin. Sakinatu ta ce tana latsa gefen hagu fuskar ungozomar ta sauya. Ungozomar ta ce babu ɗa a ciki, abin da muka sani tun kafin a haifi ita kanta ungozomar. Ta ce akwai wani abu mai tauri, amma ita ba a ba ta ikon faɗin sunansa ba, ba kuma za ta iya rubuta takarda a kan wadda ba mai ciki ba. Ta ce a koma wa likita da gaggawa. Wato a koma ɗakin nan dai, gaban Kalla.

7. Ranar Alhamis, 10 ga Afrilu, cikin ruwan sama suka sake tafiya. Gada a buɗe don jiragen katako su wuce, suka tsaya a bakin tabki har tufafinsu suka jiƙe. Suna isa aka ce tafinta bai zo ba, ba shi da lafiya. Sakinatu ta ce ta ga Tsahara ta yi murmushi, na farko cikin watanni. Amma sai babban ma'aikacin jinya ya fito ya ce tun da babu tafintan gwamnati, duk matan Hausawa su koma gida sai wani mako. Sakinatu na tsaye a gabansa da Faransanci cike da baki, aka ce ita ba ta cikin doka. Ina so Mai girma ya sani, ni da idona na ga Kalla a sahun azahar ranar nan, lafiyarsa ƙalau. Na ji an rubuta masa laifin fashin aiki. Yaron ya kauce ne don ya ba surukarsa hanya, sai aka rufe hanyar gaba ɗaya. Ina roƙon a share masa wannan laifi.

8. Tun daga ranar ba ta sake iya hawa gada da ƙafa ba. Mun yi abin da talaka ke yi. An sha rubutu, an jiƙa sassaƙe, wanzami ya kafa ƙaho, wata Bajula ta kawo ganye a kwarya. Ciki sai ƙara tashi yake, ita kuma tana ƙara ramewa. Abin da ke cin ta ya fi ciwon shi ne mahaifiyarta haka ta yi a Madawa, ciki ya kumbura, jiki ya bushe, ba ta ga wata damina ba. Yayarta ma haka. Mutanenmu suna ce masa daji. Ni mahauci ne, na sha buɗe tsohuwar saniya in tarar da ƙari a wurin da ƙwan haihuwa yake, in jefar da shi in wanke wuƙa. Ba na cewa shi ne, ban karanta likita ba. Don haka nake neman wanda ya karanta ya duba.

9. Mai girma, matar nan ba ta ce dole a warkar da ita ba. Ta san rai na Allah ne. Abin da take so a gaya mata gaskiya. In abu ne mai jin magani ko wuƙar likita, ta yarda, ni ma na yarda. In kuwa ciwon mahaifiyarta ne, tana so ta hau jirgin ƙasa zuwa Bobo, daga can ta bi mota zuwa gida, tun tana iya zama, tun damina ba ta yanke hanyar arewa ba. Tana so ta kwanta kusa da uwarta. Kowace safiya tana ninke zannuwanta ta sa a kwalla, da la'asar ta fito da su, don ba ta san ko mai tafiya ce ko mai zama ba. Na gaji da ganin haka, ita kuma ta fi ni gajiya.

10. Na san duk takardar Hausa da ta shiga ofishin Mai girma mutum ɗaya ake kira ya karanta. Na daɗe da alƙalami a hannu ina tunanin wannan. Kalla, ɗana, ka yi haƙuri. Ba da sanin surukarka na rubuta ba, kuma da akwai wata hanya da na bi. Ka karanta wa Mai girma yadda na rubuta, kada ka tsallake, kada ka sassauta. Ciwon a mararta yake, gefen hagu, yana sara har baya da cinya. Cikinta ya kumbura, zanen da take ɗaurawa da saura yanzu da ƙyar yake haɗuwa. Loma biyu take yi ta ce ta ƙoshi. Fitsari yana matsa mata dare da rana. Ta daina ganin al'ada shekaru da dama, amma tun watan Janairu jini yake zuwa mata. Wannan ita ce maganar da ta ɗauko daga Adjamé ranar farko, ta koma da ita gida.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai girma ya ba da umarni a duba Tsahara 'yar Mati ranar Alhamis mai zuwa, 15 ga Mayu, dubawa ta hannu, ba ta tambaya daga kujera ba. Zan kawo ta a motar da ke ɗaukar mana nama, in an wanke ta. Ina roƙon a bar Sakinatu ta shiga ta zama bakinta, ko a kira ungozomar nan ta tsaya, a kuma ba Kalla izini ya fita waje ba tare da an rubuta masa laifi ba. In an gano abin da yake, a faɗa mana a fili, ko mai daɗi ne ko maras daɗi. Kuma in Mai girma ya ga dama, a duba dokar nan, domin unguwarmu ƙarama ce, rabin matan da ke zaune a layin Alhamis sun san Kalla tun yana tallan goro, wasu ma sun goya shi. Ban san kawuna nawa masu lafiya aka ba kwinin a ɗakin nan ba.

Abu na ƙarshe. In Mai girma ya ga tafinta ya tsaya a tsakiyar karatu, kada a ɗauka ajamin ne ya gagare shi. A ba shi lokaci, zai ƙarasa, yaron kirki ne. Yadda ni da shi za mu haɗa ido a masallaci bayan yau, wannan namu ne, za mu san yadda muka yi. Abin da ke hannun Mai girma shi ne Alhamis.

Allah ya ƙara wa Mai girma lafiya, ya tsare masa iyalinsa daga irin wannan jira.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Nomau ɗan Kailu,
mahauci, kasuwar Adjamé.