Ƙafafuna, Keziya da Rawar Tango

Parkchester, Bronx,
New York.
Talata, 18 ga Oktoba, 2016.

Zuwa ga ƙanena Rwang,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da matarka Kangyang da yara duka. Yaya garin Vom, yaya ƙarshen damina? Ɗanka Davou ya ce mana acca ta yi kyau bana, dankali ne kawai ruwa ya ɗan yi wa yawa. Allah ya sa albarka a abin da kuka girbe, ya ba ku lafiyar ci. Mu ma nan muna godiya. Matata Keziya tana nan da aikinta na nas a gidan kula da tsofaffi. 'Yarmu Hosanna saura mata shekara guda ta gama karatun haɗa magunguna. Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa, yarenmu na Berom kuwa gaisuwa kaɗai ta riƙe.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna magana a waya. Akwai abin da na yi shekara uku ina ɓoye maka, kuma duk lokacin da na ji muryarka sai bakina ya yi nauyi. Na ce maka ciwon baya ne ya sa na bar tuƙin bas bayan shekara goma sha tara. Ba gaskiya ba ne, ka gafarce ni. Hannuna na dama ne ya fara karkarwa, har ya kai kofin shayi ba ya isa bakina sai rabinsa ya zube. Likita ya gwada ni ya ce cutar sunanta Parkinson, daga ƙwaƙwalwa take, ba ta warkewa gaba ɗaya amma akwai maganin da ke rage ta. Karkarwar ma ba ta dame ni kamar ƙafafu ba. Ina cikin tafiya sai su tsaya cak kamar an zuba musu siminti. Ina ganin inda za ni, zuciyata tana cewa tafi, su kuwa sun ƙi. Bara cikin watan Mayu haka ta same ni a tsakiyar titi a Fordham Road, na fito daga sayen manja da busasshen kifi. Danja ta ba motoci hannu ina tsaye da leda biyu, ana ta danna mini hon. Wani direban bas, irin bas ɗin da na tuƙa, ya leƙo yana yi mini ihu, a zatonsa na sha ne na bugu. Wata mai sayar da mangwaro ce ta bar teburinta ta zo ta ja ni gefe.

Daga ranar ban ƙara fita ni kaɗai ba. Na daina zuwa sujada, in 'yan ikkilisiya sun zo duba ni sai in sa a ce musu ina barci. Keziya ta ɗauki komai a kanta. Ita ke ɓalla mini maɓallin riga, ita ke yanka mini nama a faranti, in na miƙe daga kujera kafin in yi taku ɗaya ta riga ta kama mini hannu, kamar yadda take yi wa tsofaffin wurin aikinta. Ni kuwa maimakon godiya sai faɗa. Na faɗa mata maganganun da har yau in na tuna kunya take kama ni. Ba ta taɓa ramawa ba, sai dai ta shiga kicin ta buɗe famfo ta daɗe a can.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu mutanen Ghana ce, Malam Tamimu direban tasi da matarsa Hajiya Rafia, 'yan zangon Kumasi. Ita aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Wata rana cikin watan Fabrairun bana ta kawo mana shinkafa da wake irin dahuwarsu, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta ce tsohon Baturen da take kula da shi irin ciwona ne da shi, kuma kowace Talata da Alhamis da rana tana kai shi wani zaure inda ake koya wa masu wannan ciwo wata rawa da ake kira tango. Ta ce da a kan keken marasa lafiya take tura shi, yanzu sanda kawai yake riƙewa. Na yi dariya, na ce ni dattijon ikkilisiya, shekara sittin da ɗaya, in je in rungumi mace a gaban jama'a ina rawar Turawa? Ta ce ita sallarta biyar ba ta wuce ta, kuma wata shida tana zama a zauren nan tana kallo, ba ta ga komai ba sai tsofaffi suna koyon tafiya. Ta ƙara da cewa macen ai tawa ce, in kuma kunya nake gudu, zaman ɗaki ba ya maganinta. Na ji haushi sosai, don na san gaskiya ta faɗa. Keziya ta tambayi likitana, ya ce mu je, zai iya taimakawa. Ranar Talata sai ga Malam Tamimu ya faka mota a ƙasa, ya ce ba zai tafi neman fasinja ba sai ya sauke mu.

Mu goma sha biyu ne a ajin, kowa da mai riƙe shi, ga kujeru an jera jikin bango don wanda ya gaji. Malamar sunanta Delfina, 'yar ƙasar Ajantina, gajeruwa mai furfura, ta girme ni. Kiɗan kuwa, Rwang, ba irin kundung ɗinmu ba ne da ƙafa ke tashi da kanta in ta ji. Da wani abu ake yi mai kama da zugazugin maƙeri, ana ja ana matsawa, sautinsa kamar waƙar jana'iza. Ranar farko ba mu yi rawa ba sam. Tsayuwa aka koya mana: ka ɗora dukan nauyinka a ƙafa ɗaya, ka mayar a ɗayar, ka sake mayarwa. Malamar ta ce tango tafiya ce kawai, mutum biyu suna tafiya tare ba wanda ya bar wani a baya, namiji yana fuskantar gaba, mace tana ja da baya. Ta hana mu kallon ƙafa, ta ce ƙirji ne ke fara tafiya, ƙafa ta biyo. Na taka yatsun Keziya ban san sau nawa ba, da aka zo koyon taku na gefe kuma saura kaɗan in faɗi a kan wata tsohuwa. A mota na rantse ba zan koma ba. Ranar Alhamis Malam Tamimu ya sake fakawa a ƙasa, don kunyarsa muka shiga muka koma.

A sati na shida ne abin da nake son gaya maka ya faru. Malamar ta tsayar da mu a tsakiyar kiɗa, ta ce matsalar yau ba tawa ba ce, ta Keziya ce. Ta ce Keziya ba rawa take yi da mijinta ba, jinya take yi, tana ja na kafin in yanke shawarar motsawa. Ta ce wa Keziya ta rufe ido, kada ta ɗaga ƙafa sai ta ji ƙirjina ya motsa. Keziya ta ce ai zan faɗi. Malamar ta ce za ta tsaya a bayana, in faɗuwa ta zo aikinta ne, ba na Keziya ba. Da ƙyar ta yarda ta rufe idon. Ai kuwa tana rufewa ƙafafuna suka manne. Kiɗa yana tafiya, gumi ya jiƙa mini riga, ina jin hannun Keziya yana so ya ja ni tana danne kanta. Sai malamar ta ce mini a hankali tsayawa ma cikin rawar take, ba mai jira na, in dinga mayar da nauyina hagu da dama tare da kiɗan har in ji ƙafa ɗaya ta yi sauƙi, wadda ta yi sauƙin ita ce za ta tafi. Na yi haka sau uku, sau huɗu, sai ƙafar hagu ta tashi. Keziya ta ja baya. Na sake, ta sake. Taku takwas muka yi har bakin taga, ni ke jan ta, idonta a rufe. Da ta buɗe sai hawaye. Ta ce shekara uku ke nan rabon da ta jingina da ni ta huta, kullum ita ce a tsaye tana jiran in faɗi. A hanyar gida, a bayan motar Malam Tamimu, na roƙe ta gafara a kan duk abin da na faɗa mata. Shi kuwa ya ƙara muryar rediyo kamar bai ji komai ba, Allah ya saka masa.

Kada ka ɗauka na warke. Hannun yana nan yana karkarwa, magani ina sha kullum, akwai ranakun da jiki ba ya ba da haɗin kai. Rawar ma har yanzu ɗan koyo ne ni, juyi ɗaya tak na iya. Amma watan jiya na fita ni kaɗai zuwa sujada, Keziya tana aiki. A tashar Parkchester jirgin ƙasa mai lamba shida ya tsaya, ƙofa ta buɗe, ƙafafu suka ƙi. Ban firgita ba. Na rera kiɗan nan a maƙogwaro, na yi hagu, na yi dama, na shiga kafin ƙofa ta rufe. Lokacin ba da shaida na miƙe na faɗa wa ikkilisiya komai, har da rawar. Wasu sun yi dariya, ni ma na taya su. Na gode wa Allah da ya aiko mini taimako ta hannun maƙwabta Musulmi da wata tsohuwa daga ƙasar da ban taɓa tunanin zan san wani daga cikinta ba. Bayan Allah kuma sai Keziya; ban san da me zan biya ta ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ƙi ci gaba da yin shiru. Ka tuna Baba a shekarunsa na ƙarshe, yadda hannunsa yake rawa, yadda ya yi shekara biyar a ɗaki bai yarda kowa ya gan shi ba, mutane suna cewa jifa aka yi masa. Na kwatanta wa likitana, ya ce ba zai iya tabbatarwa ba, amma alamun sun yi kama da nawa. Sai kuma ga bidiyon bikin godiyar girbi da Davou ya turo mana. Na kalle shi sau da yawa. Na ga littafin waƙa yana kaɗawa a hannunka na hagu, na ga ka mayar da shi dama ka cusa hagun a aljihu. Na san wannan dabarar, Rwang, ni ma na yi ta. Wataƙila ba komai ba ne, ba kowace karkarwa ce wannan cuta ba. Amma ina roƙon ka, a matsayina na yayanka, ka je asibitin koyarwa a Jos ka nemi likitan jijiyoyi, kuma ka tafi da Kangyang, kada ka ɓoye mata. Ko me aka ce maka, kada ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Ka ci gaba da zuwa gona, ka ci gaba da hawa dutsen bayan gida. In ka ga dama ma ka matsar da kujerun falo, ka kama hannun matarka ku yi tafiya daga bango zuwa bango. Za ta yi maka dariya, ka bar ta ta yi.

Ka gaishe mini da Kangyang da kyau, da Davou da 'yarka Chundung da jaririyarta. Ka gaishe da dattijuwarmu Ngo Garos, ka ce mata ina tuna ta a addu'a, da fasto da dukan dattawan majami'a. Hosanna tana gaishe ku. In ka gama karantawa ka kira ni, ka faɗa mini gaskiyar yadda kake ji, na yi alkawari ba zan yi maka wa'azi ba. Zan tsaya nan, don ga Keziya can bakin ƙofa da takalmanmu a leda, tana cewa in na sa muka makara, yau da wani tsohon za ta yi rawa. Ubangiji ya kiyaye ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka mai ƙaunarka,
Chuwang.