Waken Gwaji Ya Bushe

Kunci,
Litinin, 3 ga Nuwamba.

Zuwa ga maigidana, Malam Najib,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ka. Mu nan kalau muke. Inna tana gaishe ka, tana tambaya ko har yanzu kana da mata a Kunci.

"Kafin kwanso ɗaya ya fashe zan zo da sikeli." Haka ka ce mini ranar da na ba cibiyarku ta binciken noma gonar da na gada wajen Baba, kuka kafa turaku, kuka raba ta gida goma sha biyu, kowane gida da irin wakensa. Ka ce kada kowa ya taɓa sai ma'aikatanku sun auna, in ba haka ba aikin shekara uku ya tashi a banza. To, Malam, kwanso ya fashe. Jiya na tsaya a gida na bakwai ina jin ƙararsa kamar ana tuya. Ga shi kuma Mai Unguwa ya sa an yi shela: ranar Juma'a za a saki dabbobi, tunda kowa ya kwashe amfaninsa. Gonata kaɗai ta rage. Awakin garin nan wata biyar suna ɗaure, ka san da yunwar da za su fito.

Na karanta saƙonka, wai takardar izinin mota tana teburin Darakta, shi kuma yana taro a Abuja. Sati uku ke nan! Wace irin takarda ce wannan, ko dafa ta ake yi?

Kada ka ce na raina aikinka. Ban manta ba, katin asibitin cibiyar ne ya sa aka yi wa 'yarmu Ramlat aikin ido. Albashi ba yawa, amma yana zuwa, fansho kuma yana jiranka. Lokacin da kamfanin taki ya neme ka, ni na ce ka zauna, domin a cibiyar ba wanda zai sa ka yabi abin da ka san ba shi da kyau. Gida na huɗu na gonar ma, wallahi ko ciyawar wuta-wuta ɗaya ba ta fito ba, har mata suna leƙowa suna tambayata iri. Na yi alfahari da kai ranar, na kuma ji haushin ba ka nan ka gani.

Amma wurin da mutum zai shekara tara yana jiran ƙarin girma, ya kuma kasa hawa motar haya da sikeli saboda ba a sa hannu ba, wurin nan ya koya maka haƙurin da ya wuce kima. Da ba haka kake ba.

Na ba ka zuwa la'asar ɗin Laraba. In ban gan ka ba, Alhamis da sassafe zan shiga da mata shida mu yi roro. Ba zan haɗa maka waken wuri ɗaya ba, na karanta takardunka, na san tsarin: kowane gida da buhunsa da lambarsa. Zan auna da sikelin jarirai na ƙaramin asibitinmu, Sadiya unguwarzoma ta yarda ta ara mini. Zan rubuta komai a littafi. Amma ba zan karanta maka a waya ba, ba zan ba kowane direba ba. Mai son littafin ya zo da ƙafarsa, ya kwana biyu a gidansa.

Ka riƙa shafa maganin gwiwar. Allah Ya kawo ka lafiya.

Taka, duk da haka,
Tahira