Hannun Dama Ya Fito

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Umma, ya ƙafar tata? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, akwai magana. Kin san a ɗakin gwajinmu ake duba fitsarin direbobin kamfanin su Baban Yara. Kwalaben ba suna sai lambar da kowane direba ke rubutawa da kansa, amma shekaranjiya na gane rubutunsa a jikin wata. Wa ke rubuta bakwai kamar ƙugiya in ba shi ba? Da na gwada, sai ga sinadarin nan mai hana barci, wanda wasu direbobi ke haɗiya su yi kwana uku ido a bushe.

Na tare shi, ya rantse abin shaƙar mura ne. Kuma fa zai yiwu! Sinadarin iri biyu ne, kamar tafin hannu: komai nasu ɗaya, sai dai wannan dama, wancan hagu. Na hagun akan sa shi a wani abin shaƙa, hanci yake buɗewa. Na daman shi ke hawa kai. Ƙaramin gwajinmu ba ya bambance su, don haka na tura fitsarin zuwa babban inji. Ki taya ni addu'a hagu ya fito.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fata kuna lafiya. Ni kam sai a hankali.

Hannun dama ya fito. Innalillahi! Yanzu na gane ramar nan, da cizon haƙora, da abincin da yake turewa. Ni da nake koya wa wasu alamomin, a gidana na makance.

Takardar ta wuni a teburina. In na rubuta gaskiya, za a karɓe masa makullin mota, kuma ya san hannun wa ne. In na rubuta hagu, ba mai bin baya, shugabanmu ya yarda da ni. Wallahi sau biyu ina ɗaukar biro don in rubuta hagun. Tsoronsa nake ji, ina kuma tsoron kaina.

Ana haka sai ga saƙonki, wai kin yankar wa Umma tikitin motarsa ta jibi, don hankalinki ya fi kwanciya in surukinta ne ke tuƙi.

Na sa hannu, Yaya. Gaskiya na rubuta. Ki nema wa Umma wata motar, ki kuma share mana ɗakin baya ni da yara. Gobe da safe takardar za ta kai ofishinsu.

Ki gaida Umma, kar ki faɗa mata komai.

Taki,
Auta