Idon Husaina

Gangara, Maris 1962

Zuwa ga ƙanena Chindo, a asibitin Yamai. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Malamin lakol, makarantar boko, ke rubuta mini.

Sanƙarau ya shigo mana. Ya ɗauki Alhassan, ɗan autana. Yayarsa Husaina ta tashi, amma ba ta gani. Idon garau yake, ba ja ba kwantsa, sai dai tana cin karo da turmi. Malamin asibitin garin Gazawa ya haska mata fitila, ƙwayar ba ta motsa ba. Babanta Magaji ya ce yanar ido ce, zai kira Jaye wanzami ya kwantar da yanar da allura. Kai da ke aiki da lokotoro, babban likita, me ka gani?

Ka huta lafiya. Yayarka, Mero.

Yamai, Afrilu 1962

Yaya Mero, bayan gaisuwa, Allah ya jiƙan Alhassan, ya ba ki haƙuri.

Don Allah kada Jaye ya taɓa ta. Ba yanar ido ba ce. Bayan ido akwai jijiya mai kai gani ga ƙwaƙwalwa. Aikina ke nan: in yanka ta siriri daga gawa, in rina, in sa a madubin ƙara girma. Mai lafiya kamar damin kara take in kin dube shi ta gindi, cike maƙil. Ta waɗanda ciwon nan ya kama na gani da idona: zaren jijiyar na bakin gefe ke fara mutuwa, abin ya ci zuwa tsakiya, sai ramuka da farin tabo kamar gara ta bi. Na kai wa lokotoro maganar Husaina. Ya ce in fitila ba ta motsa ƙwayar ba har yanzu, da wuya ta sake gani, don zaren ba ya sake tsirowa.

Ki gaida Magaji, ki sa a karanta masa.

Ƙanenki, Chindo.

Gangara, Mayu 1962

Chindo, ina gaisuwa.

Takardarka ta tarar Jaye ya riga ya soki idon hagu. Ya kumbura, ya fashe. Da ya dawo don na dama na tsaya a bakin ɗaki, na ce sai dai ya fara da nawa. Magaji ya ji bayaninka, ya tashi ya tafi gona.

Ita ban gaya mata ba. Tana lulluɓe na daman da tsumma, wai kada ƙura ta shiga kafin kawunta ya kawo magani daga Yamai. Ka zo da bakinka ka faɗa mata. Ni na kasa.

Sai na gan ka. Mero.