Kada Ka Yafe wa Sa'adu a Makka

Wurno, Jihar Sakkwato

Zuwa ga ƙanena Shafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Raihana da yara. Allah Ya ƙara maka albarka a ɗinkinka, Ya sa zaman Makka ya zame maka alheri duniya da lahira. Mu nan lafiya lau. Inna ta fita takaba, ƙafar ce dai ke matsa mata. Firdausi ta haihu a Rabah, an sa wa yaron sunan Baba, Abdulƙadiri. Goggo Turai za ta ba ka wannan takarda hannu da hannu in alhazai sun sauka. Na ƙi waya da gangan, don na san halinka, ina fara magana za ka ce in yi haƙuri, ka katse ni da salati.

Mun gaya maka hawan jini ne ya ɗauke Baba. Ba ƙarya muka yi ba, amma mun ɓoye maka abin da ya tayar da shi, kuma yau zan faɗa.

Ka san Baba. Duk ƙuruciyarsa a bakin kanal, babbar hanyar ruwan nan, ta ƙare, yana rabon ruwan noman rani tun daga wajen Goronyo har fadamarmu. Mutumin da zai dawo da laka har gwiwa, amma ba zai ci tuwo ba sai ya ji karatun kowannenmu. Ka tuna da aka raba filaye, shi da kansa ya zaɓi na can ƙarshen layi inda ruwa ke isa a gajiye, wai kada a ce ya yi son kai. Inna ta yi faɗan har ta gaji. Da ya yi ritaya kuma hannun bai yi ritaya ba. Ko masallaci za shi, in ya hangi ciyawa ta toshe hanyar ruwa sai ya tuɓe takalmi ya shiga, gonar kowa ce kuwa. Hauya ba ta rabuwa da bayan kekensa, har muna yi masa tsiya muna cewa ita ce 'yar autarsa.

To, Sa'adu fa. Sa'adun da Baba ya ɗauko maraya daga Kwargaba, kuka yi kwano ɗaya da shi, Baba ya sa shi boko ya koya masa buɗe ƙofar ruwa. Shi manoman layinmu suka naɗa shugaba bara. Tun da ya hau, ranar da ake sakar wa gonar Baba ruwa ta koma ta gonar shinkafar wani attajiri. Tafarnuwar Baba ta fara ƙonewa a tsaye. Rannan ruwa ya fasa gefen kanal kusa da gonar attajirin, Baba na wucewa ya gani, ya sauka ya shiga toshewa kamar yadda ya saba. A haka Sa'adu ya same shi da hauya a hannu. Shafi'u, Sa'adu ya fi kowa sanin abin da hauyar nan ke yi. Amma tafarnuwar da ta ƙone ta fara jawo masa surutu, yana neman abin da zai rufe bakin mutane. Sai ya tara manoma ya ce ya kama tsoho yana fasa kanal zai saci ruwa.

Aka zaunar da Babanmu a tsakiyar taro. Siddiq maƙwabcinmu yana wurin, shi ya ba ni labari yana share hawaye. Ya ce Baba ya tambayi Sa'adu a hankali, wai mi ya yi mashi da zafi haka. Sa'adu ya ce zamanin tsoho ya wuce, doka ba ta san uba ba. Wasu suka yi dariya, cikinsu har da waɗanda Baba ya sha hana gonakinsu mutuwa. Baba ya turo kekensa har gida, bai hau ba. Washegari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, bai ƙara furta kalma ba har Allah Ya karɓi abinsa. Har yau in yaranmu suka yi faɗa a makaranta, jikokin ɓarawon ruwa ake ce musu.

Yanzu Sa'adu ya samu kujerar Hajji, yana zagaya gari neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Ya zo gidanmu da goro da sabuwar shadda a jikinsa, ya durƙusa a zaure ya ce a yafi juna, ai shi ya san da Baba na raye da ya yafe. Na ce mai yiwuwa ne, sai dai shi ne ya raba Baba da bakin da zai faɗa. Na ce ya tsaya ƙofar masallacin Juma'a ya gaya wa mutanen Wurno cewa Malam Abdulƙadiri toshewa yake yi ba fasawa ba, daga nan a yi maganar yafiya. Ya ce in rufa masa asiri, shi mai iyali ne. Na mayar masa da goronsa, ban ko buɗe ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ya gaya wa mutane ba komai, ai babban ɗa namiji yana Makka. Nufinsa ya kama hannunka a gaban Ka'aba, inda kunya da tsoron Allah ba za su bar ka ka ce a'a ba. Ya samu yafiya a inda babu ɗan Wurno da zai ji laifin, ya dawo Alhaji fes, sunan Baba kuwa ya ci gaba da zama cikin laka. Kai kuma zuciyarka kamar man shanu a rana take, tun kana yaro wanda ya buge ka kake ba haƙuri.

Ban ce ka wulaƙanta baƙon Allah ba. Ka ba shi abinci, ka ɗaukar masa jaka in ka ga dama. Amma in ya buɗe baki da zancen yafiya, ka ce masa haƙƙin ba naka ba ne, ba a kuma Makka aka ci shi ba. Na tsani mutumin nan, Shafi'u, ban ɓoye wa Allah ba balle kai. Wallahi in ka ce ka yafe kafin ya wanke Baba, ka yafe naka kai kaɗai, kuma ni da kai sai dai gaisuwar Musulunci.

Ka gaida Raihana da kyau, ka shafa min kan Musaddiq da Mashkura. Kawu Atiku na Marnona da Firdausi da maigidana duk suna gaishe ka. Ka yi wa Baba ɗawafi, Allah Ya haskaka kabarinsa.

Inna ma ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Ka roƙa wa Sa'adu lafiya a duk inda addu'a ke karɓuwa, kada zazzaɓi ko turmutsitsi ya taɓa shi. Ta ce ba ta yarda ya mutu a can ya samu kabari a ƙasa mai tsarki ba. Ya dawo Wurno da ƙafafunsa da bakinsa, tana zaune tana jiran Juma'ar.

Wassalam. Yayarka,
Safara'u Abdulƙadiri