Na Kasa Kiran Goggo

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, har na koma aiki.

Mu da muka tsira daga harbin da aka yi a shagonmu, likita tana tara mu ɗaki ɗaya, kowa ya faɗi abin da ke cinsa. Jiya wata abokiyar aikinmu ta ce min, "Ɗan'uwanka ne ya tura ni ƙarƙashin tebur kafin harsashi ya same shi." Na kasa ɗaga kai. Autan Goggo take nufi. Ni na kawo shi aikin nan, Yaya, ga shi ya rasu, ga ni ina numfashi.

Don Allah ki gaya wa Goggo ɗanta ya ceci rai. Har yanzu in na ɗauki waya sai in ajiye.

Ƙanenki