Sikelin da Kika Hau a Lifta

Ya sanyin idanuna, ruwan farko bayan dogon zafi, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take,

Yau ma Yayarki ta tare ni a ƙofar ɗakin da kike kwance, ta ce ke kika hana a bar ni in shiga. Kanta a sunkuye ta faɗa, ta kuma miƙo mini zoben da na ba ki. Haba, masoyiyata! Ni ne yau ake yi wa iyaka da ƙofarki?

Kin tuna ranar da muka fara magana? Na gama gyara birkin liftar asibitin nan ina gwada ta, sai ga ki cikin farar rigarki ta aiki, rungume da sikelin awon masu ciki za ki kai shi sama. Kika dire shi, kika haye don tsokana. Ina danna maɓalli lifta ta zabura, allurar sikelin ta yi gaba. Kika dafe ƙirji kika ce akwatin nan nawa ya ƙara miki ƙiba, sai na biya. Da tafiya ta daidaita allurar ta koma mazauninta, da muka zo tsayawa kuma ta ja baya, kika ce to yanzu kin yafe mini. Na zage ina bayani, cewa daɓen liftar ne ke ƙara tura ƙafafunki yayin da take ɗaukar gudu, ya sassauta in tana rage shi, amma jikinki yana nan yadda yake. Kika bar ni na gama tsaf, sannan kika ce tun a makaranta kin sani, so kike ki ji ko makanikin yana da baki. Wayyo dariyarki ta ranar! Kamar ƙoramar da ta samu gangara.

Yanzu a ƙasa mai ƙarfi ake ɗora ki kan sikeli, babu abin da ke motsi, amma allurar sai ja da baya take yi mako bayan mako. Wannan ramar ta gaskiya ce, kuma babu sifanar da zan ɗauko in ɗaure ta. Na ga yadda likitanki yake kauce wa idon Abbanki. Ba yaro ba ne ni, na gane.

Na gan ki shekaranjiya ana tura ki ɗakin hoto, kina hango ni kika ja mayafi kika rufe fuska. Me kike ɓoye mini, farin watana? Gashin da magani ya zubar? Kumatun da suka faɗa? Don su kike zaton na so ki?

Yaya ta ce fizgar liftar na tayar miki da zuciya har ki yi amai. Jiya na wuni a ɗakin inji ina sassauta tashinta da tsayawarta. Ma'aikata sai mita suke wai ta zama kunkuru. Su yi ta yi. Gobe in an sauko da ke, za ta ɗauke ki a hankali kamar uwa da jariri. Iyakar abin da hannuna ya iya miki ke nan, kuma ƙanƙantarsa na ci mini rai.

Kin aiko cewa in nemi wata, in yi rayuwata. Wace rayuwar? Ban roƙe ki alkawarin warkewa ba, wannan na Allah ne. Abu ɗaya nake bara. In ba kya son in ga fuskarki, ki sa Yaya ta ja labule, in zauna a bayansa ko tari ba zan yi ba, in dai ji muryarki, ko da faɗa za ki yi mini.

Naki ne ni, a wannan gefen labulen ko wancan, har ranar da numfashina zai tsaya,

Makanikinki